Kakar da ke riƙon jika ita ma a duba lafiyarta

Jama'ar Gombe, assalamu alaikum. Ranar awo da rigakafi a ƙananan asibitocinmu, ba uwaye kaɗai ke zuwa da goyo ba. Akwai tsofaffi da dama da jikoki ke hannunsu: wata 'yarta ta rasu wurin haihuwa, wata aure ya mutu aka kawo mata yaro bayan yaye, wata kuma rikicin Borno da Yobe ne ya koro ta nan da marayu.

Abin da ke damuna shi ne, ana auna yaro, a duba damtsensa, a ba shi magani, sai a sallami kaka ba wanda ya tambayi lafiyarta. Alhali wataƙila hawan jini na cin ta ba ta sani ba, ko yanar ido ta hana ta ganin layin da ke jikin murfin maganin ruwa, sai ta zuba da ƙiyasi. Ranar da ta kwanta, yaron nan ba mai dafa masa kunu.

Inna, idan kin kawo jikanki, ki ce a auna miki hawan jini da suga. Ki karɓo katin rigakafinsa daga wurin uwarsa ko danginta, ki ajiye a leda. Allurar ƙyanda sau biyu ce, a wata 9 da wata 15, kuma ta biyun ce aka fi mantawa idan yaro ya sauya hannu. In ya kamu da gudawa, a ba shi ruwan gishiri da sukari na ORS da ƙwayar zinc har kwana 10, kada a tsaya ga jiƙo. Kunun gero da waken soya da gyaɗa zai amfane ku ku biyu, don Allah ki daina bar masa rabonki ki kwana da yunwa.

Gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan tsofaffi a 2021, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta sanya tsofaffi da yara 'yan ƙasa da shekara 5 cikin masu rauni. Ku tambayi shugaban asibitin unguwarku yadda ake rajista da GoHealth, wato hukumar inshorar lafiya ta jihar Gombe, kaka da jika tare.

Ku kuma 'ya'ya da kuka bar yara wurin tsofaffi, ku yanka musu kuɗin cefane duk wata, ku sa wani matashi a gida ya riƙa karanta mata katin, ya raka ta asibiti ranar da aka rubuta.