Maganin Ciwon Gaɓoɓi, Tsoka da Ƙashi

Ciwon gaɓoɓi, tsoka da ƙashi rukuni ne da ya tattaro larurori da yawa: ciwon baya da ƙugu, ciwon wuya, amosanin gaɓɓai, targaɗe, har da tsamin jiki bayan aikin ƙarfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.71 ne ke fama da irinsu, kuma ciwon ƙugu kaɗai ya addabi mutum miliyan 619 a shekarar 2020. Galibin magungunan da ake sha dominsu raɗaɗi kawai suke kwantarwa, ba sa taɓa tushen ciwon.

Ƙwayoyin rage raɗaɗi da kumburi

Farasitamol ne aka fi sani. Babba ba ya wuce giram 4 a yini, wato ƙwaya takwas masu miligiram 500, domin abin da ya haura haka yana lalata hanta. Ba ya sauke kumburi, kuma ƙarfinsa a kan ciwon baya bai kai yadda ake zato ba: wani gwaji da aka yi a Ostireliya, aka wallafa a mujallar Lancet a 2014, ya nuna waɗanda suka sha shi ba su riga waɗanda aka bai wa ƙwayar da babu magani a cikinta warkewa ba.

Masu sauke kumburi su ne ginshiƙin wannan fanni. Kakansu shi ne asfirin, wanda Felix Hoffmann ya haɗa a kamfanin Bayer na Jamus a 1897. Ibufurofen ya shiga kasuwar Birtaniya a 1969 da sunan Brufen, dikulofenak kuma ya fito daga Suwizalan a shekarun 1970. An shafe shekara fiye da 70 ana shan asfirin kafin a gano yadda yake aiki. Sai a 1971 John Vane ya nuna cewa yana hana jiki ƙera furostagalandin, sinadarin da ke haddasa kumburi da zafi a wurin rauni, binciken da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1982.

Matsalar ita ce, wannan sinadarin dai shi ke kare bangon ciki daga ruwan tsami, shi ke taimaka wa jini ya isa ƙoda. Don haka wanda ya ɗauki watanni yana shan waɗannan ƙwayoyi yana iya kamuwa da gyambon ciki, zubar jini a ciki, hawan jini ko ciwon ƙoda, musamman tsoho, ko wanda ke zuba gumi a rana bai sha isasshen ruwa ba. An ƙera sababbin nau'o'i masu sauƙi ga ciki, amma ɗaya daga cikinsu, Vioxx, kamfanin Merck ya janye shi a 2004 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya. Ƙa'idar likitoci ita ce mafi ƙarancin adadi na ɗan gajeren lokaci, ba a haɗa biyu daga wannan dangi, kuma mai juna biyu ta nisance su, balle a watannin ƙarshe. Haɗin ƙwayoyi da ake ƙulla wa masu ciwon jiki a wasu kemis, wanda akan tarar da irin waɗannan guda biyu ko uku a leda ɗaya, ya saɓa wa wannan ƙa'ida kai tsaye.

Na shafawa sun fi sauƙin illa, domin kaɗan ne ke ratsawa zuwa jini. Man dikulofenak yana amfani ga amosanin gwiwa da yatsu. Man zafi kuwa ɗumi ko sanyi yake sa wa fata, sai hankali ya kau daga ciwon na ɗan lokaci.

Masu ƙarfi

A 1948 Philip Hench ya yi wa wata mai amosanin gaɓɓai allurar kotizon a asibitin Mayo na Amurka, cikin kwanaki ta miƙe. Dangin kotizon, irin su deksametason da firedinisolon, suna sauke kumburi da sauri, amma daɗewa a kansu yana kumbura fuska, ya ɗaga sukarin jini, ya kuma raunana ƙashin da ake neman ceto.

Tiramadol, wanda kamfanin Grünenthal na Jamus ya fitar a 1977, dangin mofin ne, wato magungunan kashe raɗaɗi masu ƙarfi da ke sa maye, kuma jiki yana sabawa da shi. A Nijeriya mai miligiram 50 da 100 aka amince da shi, amma hukumar NDLEA tana yawan kama mai 225 da 250. 'Yan dako da leburori da dama sun fara shi ne don gajiya da ciwon baya. Yawansa yana jawo farfaɗiya da daskarewar numfashi.

Wasu nau'o'in ciwon suna da maganin da ke kai wa ga tushe. Amosanin da garkuwar jiki ke far wa gaɓɓai ana danne shi da metotirekset, wanda ake sha sau ɗaya a mako, ba kullum ba. Ciwon gawut, mai kumbura babban yatsan ƙafa, ana hana shi dawowa da alofurinol.

Abin da ba ƙwaya ba

A Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan ciwon ƙugu mai daɗewa. Ta goyi bayan motsa jiki, tausa, wayar da kan majinyaci, da ƙwayoyin sauke kumburi. Ta hana ɗamarar ƙugu, jan baya da na'ura, da dangin mofin. Doguwar kwanciya, wadda a da ake ba da shawararta, tana ƙara sandarar da baya ne. Mai amosanin gwiwa kuwa, rage ƙiba da ƙarfafa tsokar cinya a wurin likitan gashin ƙashi sukan yi masa abin da ƙwaya ba ta yi ba. Idan gaɓa ta cinye ƙurmus, ana sauya ta da ta ƙarfe da roba a asibitocin ƙashi irin na Dala a Kano.

A ƙasar Hausa mutane da yawa wurin wanzami ko mai ɗori suke fara zuwa. Ƙaho da gashi da ruwan ɗumi sukan sassauta tsamin tsoka, amma ɗaurin da ya matse yana iya tsayar da jini, gaɓa ta ruɓe har a kai ga yankewa. Ciwon baya mai zuwa da zazzaɓi, rama, mutuwar ƙafa ko kasa riƙe fitsari, da gaɓar da ta kumbura ta yi zafi rau farat ɗaya, na asibiti ne a ranar, domin tarin fuka na ƙashin baya, matsewar laka da ƙwayar cuta a gaɓa duk haka suke farawa.