Me ake nufi da shigo da bidiyo a manhajar zane mai motsi?

Duk wanda ya taɓa aiki da manhajar haɗa zane mai motsi irin Adobe Animate ya ci karo da wurin da ake shigo da bidiyo. Da yawa sukan ɗauka kamar ɗauko hoto ne a ajiye a kan allo. Alhali da zarar ka danna, manhajar za ta yi maka tambayar da sauran aikin ya rataya a kanta: ina bidiyon zai zauna? A cikin fayil ɗinka, ko kuwa a wata saba, wato kwamfutar da ke ajiye fayiloli a intanet, fayil ɗin ya riƙa kiransa daga can?

Hanya ta farko ita ce cusawa. Manhajar takan warware bidiyon firem-firem, wato hoto ɗaya-ɗaya, ta shimfiɗa shi a kan layin lokaci, ya zama ɗaya da zanen. Tana da daɗi, domin kana ganin kowane firem da idonka, kana iya sa rubutu ya fito daidai lokacin da mai magana ya ɗaga hannu. Sai dai daɗin gajere ne. Dole gudun firem na bidiyon ya yi daidai da na zanen. In an ɗauki bidiyo a firem 30 cikin daƙiƙa, zanen kuma yana tafiya a 24, sai motsi ya yi nauyi, baki ya riƙa motsi murya na wani wuri. A zamanin Flash, wato tsohon sunan Animate, layin lokaci ba ya wuce firem 16,000, wato kimanin minti 11 a gudun 24. Ga nauyin fayil, ga kuma cewa in ka gyara ko da daƙiƙa ɗaya ce a bidiyon, sai ka sake fitar da aikin gaba ɗaya. Shi ya sa Adobe da kanta take ba da shawarar a bar cusawa ga gutsuren da bai kai daƙiƙa 10 ba.

Hanya ta biyu ita ce a bar bidiyon a waje. Abin da ke cikin aikinka ɗan akwatin kunnawa ne kawai da adireshin inda fayil ɗin yake. Mai kallo ya danna, bidiyon ya fara sauka daga saba, kuma ba sai ya gama sauka za a fara kallo ba. Wannan ce hanyar da ta sauya intanet. Macromedia, kamfanin da ke da Flash a lokacin, ta sa wa Flash bidiyo a 2002, daga baya aka iya kiran fayil ɗin FLV, wato nau'in bidiyon Flash, daga waje, kuma a kan haka YouTube ta tashi a 2005, shekarar da Adobe ta sayi Macromedia. Kafin nan, kallon bidiyo a shafi sai ka fara tambayar kanka ko kana da RealPlayer, ko QuickTime, ko Windows Media Player. Flash kuwa a lokacin tana kan kusan kowace kwamfuta.

A nan lissafi yake shigowa, kuma a ganina shi ne abin da masu koyo suka fi tsallakewa. Ɗauki bidiyon minti 3 da aka matse a megabit 2 cikin daƙiƙa. Daƙiƙa 180 ke nan sau 2, megabit 360, ka raba da 8, ka sami megabayit 45. In intanet ɗin mai kallo megabit 1 yake kawowa a daƙiƙa, sai ya yi minti 6 kafin bidiyon minti 3 ya sauka. Ke nan kallo zai riski abin da ya sauka, hoto ya tsaya, ɗan da'irar nan ta kama juyawa. Ba laifin manhaja ba ne, tun wurin matse bidiyon aka yi kuskure.

Akwai kuma wani ƙaramin abu mai ba da ciwon kai. Fayil ɗin MP4 yana da wani ɓangare mai kama da teburin abubuwan da ke cikin littafi, wanda ke gaya wa burauza inda kowane firem yake. Wasu manhajojin sukan ajiye shi a ƙarshen fayil, sai an nemo shi kafin hoto ya motsa. Gyaran ba wuya: a zaɓi saitin fitarwa na intanet, ko a yi amfani da manhajar sarrafa bidiyo ta FFmpeg a dawo da shi farko.

Hanya ta uku ita ce sitirimin na ainihi, wato a riƙa turo bidiyon kaɗan-kaɗan yayin da ake kallo. A da sai da saba ta musamman, Flash Media Server, mai aiki da ƙa'idar RTMP. Yanzu an fi amfani da irin HLS da Apple ta fitar a 2009: a yanyanka bidiyo gutsure-gutsure na 'yan daƙiƙoƙi, a ajiye kowanne a inganci daban-daban. Intanet ya yi rauni, a ba ka mai sauƙi. Ya farfaɗo, hoto ya washe. Wannan aikin masu dogon bidiyo da tarin 'yan kallo ne, mai ɗan tallan daƙiƙa 20 bai da buƙatarsa.

Ita Flash ɗin kanta ta riga ta kwanta dama. iPhone ba ta taɓa karɓarta ba, Steve Jobs, shugaban Apple a lokacin, ya fito fili ya kushe ta a 2010, YouTube ta koma HTML5, inda burauza ke kunna bidiyo da kanta, a 2015, aka sauya wa manhajar suna zuwa Animate a 2016, sannan Adobe ta daina tallafa wa Flash Player, manhajar kunna ayyukan Flash a burauza, ranar 31 ga Disamba, 2020. Saboda haka duk darasin da ya ce ka mayar da bidiyonka FLV, tsohon yayi ne. Yau MP4 mai matsin H.264 ake fitarwa, a ɗora a saba, a kira shi daga shafi. Kafin ka ɗora, duba adireshin da ka rubuta: in yana nuni ne ga wata jaka a kwamfutarka, kai kaɗai za ka ga bidiyon. Kuma in kana so ya kunna kansa da an buɗe shafi, ka kashe sautinsa, domin Chrome da Safari sukan tare bidiyon da ya zo da murya ba a danna shi ba.