Waiwaye: Yadda aka gano fetur kwance a kan ruwan rijiyoyin Ogale

A 1958 aka fara haƙar mai a ƙasar Ogoni da ke Jihar Ribas. Kamfanin Shell ya daina haƙa a 1993 bayan zanga-zangar mutanen yankin, aka rataye jagoran zanga-zangar, Ken Saro-Wiwa, da wasu mutum takwas a watan Nuwamban 1995, amma bututan mai na nan shimfiɗe a gonaki. Duk tsawon shekarun nan hankalin jama'a yana kan abin da ido ke gani, wato baƙin mai a rafuka da matattun kifaye. Ruwan ƙarƙashin ƙasa kuwa ya daɗe bai samu mai auna shi yadda ya kamata ba.

Sai a 2006 gwamnatin Obasanjo ta gayyaci hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, ta zo ta duba. Masu binciken sun yi wata 14 suna aiki. Sun ziyarci wurare sama da 200, sun bi bututu na tsawon kilomita 122, sun kwashi samfuri fiye da 4,000, sannan suka haƙa rijiyoyin gwaji 142. Rijiyar gwaji ba ta shan ruwa ba ce. Siririn rami ne da ake zura wa bututu mai ƙananan huji daidai inda saman ruwa yake hawa da sauka, domin fetur ya fi ruwa rashin nauyi, a sama yake kwanciya. In aka nutsa bututun can ƙasa, sai a ɗebo ruwa garau a ce lafiya lau, alhali man yana sama.

Rahoton ya fito ranar 4 ga Agustan 2011, kuma abin da aka gani a Nisisioken Ogale, cikin ƙaramar hukumar Eleme, shi ya fi tayar da hankali. Kusa da wani bututun NNPC, an tarar da tataccen mai mai kaurin santimita 8 yana yawo a kan ruwan da rijiyoyin mutane ke ja, kuma an alaƙanta shi da wata malala da ta faru fiye da shekara shida kafin nan. Sinadarin benzin da ke cikin ruwan ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya sama da sau 900. Ƙa'idar ita ce maikirogiram 10 a lita guda, shi kuma benzin an tabbatar yana jawo sankarar jini. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne shekarun nan shida. Iyalai suna sha, suna girki, suna wanke jarirai da wannan ruwa, alhali a lokacin akwai ƙa'idojin muhalli na harkar mai da aka rubuta tun 1991, akwai kuma hukumar NOSDRA da aka kafa a 2006 don gano malala.

Amurka ma sai da ta ji a jika kafin ta farga. A 1984 ta yi dokar tankunan mai na ƙarƙashin ƙasa, a 1988 ta wajabta duba yoyo kowane wata, ta ba gidajen mai zuwa Disamban 1998 su gyara tsofaffin tankuna ko su rufe su. Duk da haka, a 1996 birnin Santa Monica na Jihar Kalifoniya ya rufe rijiyoyin da ke ba shi kusan rabin ruwan shansa, saboda MTBE, wani sinadari da ake haɗawa da fetur wanda ke narkewa a ruwa ya yi nisa. UNEP ta samu shi a Ogale ma, alamar cewa tataccen mai ne ya tsiyaya, tunda ɗanyen mai ba ya ɗauke da shi.

Wannan ne ya sa nake ganin maganar ba ta tsaya a Neja Delta ba. Bututun tataccen mai ya kai Kaduna da Kano da Jos, kuma a unguwanninmu ana binne tankin gidan mai katanga ɗaya da rijiyar burtsatsen maƙwabta. Kafin guga ya fito da wari, man ya riga ya daɗe a ƙasa.

UNEP ta ce gyaran Ogoni zai ci shekara 25 zuwa 30, ta nemi dala biliyan 1 don shekara biyar na farko. An kafa HYPREP, shirin gwamnati na tsaftace wuraren da mai ya gurɓata, a 2012, Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da aikin a garin Bodo na ƙasar Ogoni a watan Yunin 2016. Mutanen Ogale kuwa sun maka Shell a kotu a Landan, kamfanin yana cewa ɓarayin mai da masu fasa bututu ne ke jawo yawancin malalar. A Fabrairun 2021 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yarda a saurari ƙarar a can, kusan shekara goma bayan fitowar rahoton.