Ka rubuta `code .` a WSL, VS Code ya ƙi buɗewa: ina gizo ke saƙar?

Wai me ke faruwa a ɓoye idan na rubuta `code .` na danna Enter?

Sai ka gane wannan kafin ka taɓa komai. WSL hanya ce da Microsoft ya fito da ita a 2016 don a riƙa tafiyar da Linux a cikin Windows. WSL 2, wanda ya iso hannun jama'a a 2020, Linux ne na gaske da ke gudana cikin wata ƙaramar na'urar kwaikwayo. Shi kuwa VS Code, manhajar rubuta lambobin kwamfuta, a ɓangaren Windows ake saka shi. To wannan `code` ɗin da kake rubutawa ɗan ƙaramin fayil ne na umarni da ke zaune a faifan Windows, galibi a `/mnt/c/Users/sunanka/AppData/Local/Programs/Microsoft VS Code/bin`. Aikinsa ɗan aike ne: ya tsallaka ya tashi VS Code a Windows, shi kuma VS Code ya dawo ya ajiye wani sashe nasa a cikin Linux, a folda `~/.vscode-server`. Tagar da kake gani ta Windows ce, amma fayiloli da umarnin da kake bayarwa duk a Linux suke aiki.

Wurare uku ke nan da abu zai iya karyewa: a rasa ɗan aiken, ko a same shi ya kasa tsallakawa, ko ya tsallaka amma sashen da ke Linux ya ƙi tashi. Saƙon da ya fito a allo shi zai gaya maka wanne ne. Da yawa ba sa karanta shi, sai su goge VS Code su sake sakawa, su dawo inda suka fara.

Cewa ya yi `code: command not found`, alhali ga VS Code nan yana aiki lafiya a Windows.

Wannan ne aka fi kawo kuka a kai. Linux na neman umarni ne a jerin foldojin da ake kira PATH, kuma WSL kan ɗauko jerin na Windows ya manna a ƙarshen na Linux. Rubuta `echo $PATH` ka duba. In ka ga hanyoyin da suka fara da `/mnt/c/` amma babu ta VS Code, to lokacin saka shi ne ba a zaɓi akwatin ƙara shi cikin PATH ba. Sake kunna fayil ɗin sakawar, ka zaɓi akwatin, ka rufe taminal, wato tagar da kake rubuta umarni, ka buɗe sabo.

In kuwa babu ko hanya ɗaya mai `/mnt/c/`, wani abu ne ya share su. Fara leƙa `/etc/wsl.conf`. A ƙarƙashin sashen `interop` akwai `appendWindowsPath`, wanda asalinsa a kunne yake, amma wasu kan mayar da shi `false` don taminal ya daina jan ƙafa, daga baya su manta sun yi. Mayar da shi `true`. In ba shi ba ne, buɗe `~/.bashrc` ko `~/.zshrc`, fayilolin da ake karantawa duk sanda ka buɗe taminal. Na taɓa kwana biyu ina fama, ashe layi ɗaya ne da na kwafo lokacin saka wata manhaja: `export PATH=/opt/kaya/bin`. Babu `:$PATH` a ƙarshensa, don haka duk sanda na buɗe taminal sai ya watsar da tsohon jerin kaf, ya bar nasa shi kaɗai.

Wani tarkon kuma, mai son ƙara hanyar da hannunsa ya tuna akwai tazara a cikin sunan `Microsoft VS Code`. Dole a sa alamar zance a farkon hanyar da ƙarshenta, in ba haka ba Linux zai yanke ta a `Microsoft`.

Na gyara `wsl.conf` amma babu abin da ya canja.

Rufe taga ba kashe WSL ba ne. Je PowerShell, taminal ɗin Windows, ka rubuta `wsl --shutdown`, ka ɗan jira kamar daƙiƙa 8, sannan ka sake buɗewa. A lokacin tashi kawai ake karanta wannan fayil.

Ni kuma ana samun `code` ɗin, sai dai ya ce `Exec format error`.

Nan ɗan aike ya iso bakin gada ya tarar ta karye. Linux ba ya gane fayil ɗin `.exe` da kansa. WSL ne ke yi masa rajista ta wani tsari mai suna `binfmt_misc`, cewa duk fayil ɗin da ya fara da haruffan `MZ` na Windows ne, a miƙa shi can. Gwaji mai sauƙi shi ne ka rubuta `notepad.exe`. In shi ma ya ƙi, VS Code ba shi da laifi, rajistar ce ta ɓace.

An fi ganin wannan tun da WSL ya fara karɓar systemd, mai kula da tashin ayyukan Linux, a 2022, domin wani lokaci systemd kan sake shirya rajistar ya bar ta Windows a waje. Sau da yawa `wsl --shutdown` na isa. In abin na dawowa, ƙirƙiri fayil `/usr/lib/binfmt.d/WSLInterop.conf`, ka sa masa wannan layi kaɗai: `:WSLInterop:M::MZ::/init:PF`, ka sake tashin WSL. Ka kuma tabbatar ba a rubuta `enabled=false` a sashen `interop` ba. Kafin duk wannan ni nakan fara da `wsl --update`, don bai kamata mutum ya yi ta faci a kan abin da wataƙila an riga an ɗinke ba.

Ya fara sauke wani abu, sai ya tsaya cak.

Sashen nan na `~/.vscode-server` ne. Dole ya yi daidai da sigar VS Code da ke Windows, shi ya sa bayan kowane sabuntawa ake sake sauke shi. In intanet ta yanke a tsakiya, sai a bar ka da rabin kaya. Rufe VS Code, ka rubuta `rm -rf ~/.vscode-server`, ka sake gwadawa. Aikinka ba zai taɓu ba, sai dai ƙarin manhajojin da ka saka a ɓangaren Linux za ka sake saka su. Ka dubi layin da kyau kafin ka danna, `rm -rf` ba ya tambayar ko ka tabbata.

In saƙon ya ambaci `GLIBC`, wato ginshiƙin da manhajojin Linux ke dogara a kai, Linux ɗinka ne ya tsufa. Tun daga siga ta 1.86, a farkon 2024, VS Code ke neman glibc 2.28 zuwa sama, Ubuntu 18.04 kuwa 2.27 gare shi. `ldd --version` zai nuna maka naka. Gyaran gaskiya shi ne komawa sabon Ubuntu.

To in saka VS Code na Linux a cikin WSL mana, a huta?

A'a. Zai iya buɗewa, amma ka ƙara wa kanka ruɗani ne, don yanzu `code` biyu gare ka. Rubuta `type -a code`. In na farko a jerin `/usr/bin/code` ne ko `/snap/bin/code`, cire shi. Abin da kake buƙata shi ne ƙarin nan mai suna WSL na Microsoft, a saka shi cikin VS Code na Windows.

`sudo code` fa?

Ba zai samu ba, domin `sudo`, umarnin da ke ba ka ikon mai kula da na'ura, na amfani da nasa gajeren PATH ɗin. Don gyara fayil ɗin tsarin na'ura, `sudo nano`, mai gyara rubutu a cikin taminal, ya wadatar.

Ya buɗe. Ta yaya zan san da gaske a Linux nake?

Dubi kusurwar ƙasa ta hagu. In an haɗu, za ka ga `WSL: Ubuntu` ko sunan Linux ɗin da kake amfani da shi. In ka ga haka amma komai na tafiyar hawainiya, rubuta `pwd`. Aikin da ke ƙarƙashin `/mnt/c/` sai ya ƙetare iyakar tsarukan biyu a kan kowane fayil, kuma a WSL 2 wannan ƙetarewa na da nauyi. Kwashe shi ka mayar `/home/sunanka`, ka shiga foldar, ka sake rubuta `code .` daga can.