Waiwaye: Bass Reeves da kaboyin nan mai rufe fuska

Tun da aka fito da fim mai dogon zango kan Bass Reeves a 2023, gardama ta sake tashi a Amurka: shin daga rayuwar wannan baƙar fata aka samo Lone Ranger, kaboyin nan mai baƙin ƙyalle a ido, da farin doki da harsashin azurfa? Maganar ba yau ta fara ba.

An soma shirin Lone Ranger a gidan rediyon WXYZ na Detroit a Janairun 1933, Fran Striker ke rubutawa, shirin ya koma talabijin a 1949. Shi kuwa Reeves, cikin bauta aka haife shi a Arkansas a 1838. Ya zama ɗan sandan tarayya a 1875, ya yi shekara 32 yana farautar masu laifi a yankin ƙabilun asalin ƙasar. Bai iya karatu ba, sai a karanta masa takardun sammaci ya haddace. Gwanin ɓad da kama ne, kuma a 1902 ɗan cikinsa ya kamo bisa laifin kisa.

A 2006 masanin tarihi Art Burton ya nuna kamannin da ke tsakaninsu, har da cewa wasu fursunonin yankin a kurkukun Detroit suka yi zama. Amma ya faɗi da kansa cewa ba a tabbatar ba. A intanet ne "mai yiwuwa" ya rikiɗe ya zama "tabbas", alhali an san daga tsofaffin rubuce-rubucensa na wani shirin rediyo a Buffalo Striker ya gina labarin.

Ni dai inda na fi tsayawa shi ne 1907, shekarar da ba a cika ambata ba. A Nuwamban shekarar Oklahoma, wadda ta haɗa da yankin da Reeves ke aiki, ta zama jiha. Kafin nan, baƙar fata na iya rataya bajon hukuma ya sa wa Bature ankwa, kuma ba Reeves kaɗai ba ne, suna da dama. Da zama jiha sai dokokin wariyar launi suka shigo, aka fara da raba taragun jirgin ƙasa. Aikin kama masu laifi ya koma hannun jiha, Reeves ya ajiye bajonsa yana dab da shekara 70, ya koma ɗan sandan gari a Muskogee, yana sintiri da sanda a hannu. Ya rasu a Janairun 1910.

Daidai lokacin ne finafinan kaboyi ke tasowa, suka taso kusan babu baƙar fuska a kan doki. Wanda ya girma da su bai ga gurbin Reeves ba, balle ya tambaya. Shi ya sa da sunansa ya dawo, mutane suka ga hanya mafi sauƙi ta gabatar da shi ita ce a jingina shi da jarumin da kowa ya sani, ko da hujjar ba ta kai ba.

Sai a 2012 aka kafa mutum-mutuminsa a birnin Fort Smith na jihar Arkansas: yana bisa doki, karensa a gefe, fuskarsa a buɗe.