Cocin ya girmi unguwar

Mutane da yawa idan suka ga hoton coci a unguwannin bayan gari na Amurka, ga fili mai ciyawa ga motoci a jere, sai su ɗauka bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka gina shi, lokacin da jama'a suka yi ta barin tsakiyar birane suna sayen gidaje a gefe. Ga wasu cocin hakan ne, amma ba duka ba.

Ɗauki cocin ɗariƙar Presbyterian na garin Basking Ridge a jihar New Jersey. Yau mazauna wurin da dama jirgin ƙasa suke hawa zuwa aiki a New York. Amma tun wajen 1717 manoma suke taruwa a nan suna ibada, farko a wani ɗakin gungumen itace, kusan shekara sittin kafin Amurka ta ayyana 'yancinta a 1776. Ginin da ke tsaye yanzu na 1839 ne. Wato unguwar ce ta zo ta tarar da cocin.

Abin da ya fi burge ni shi ne bishiyar oak ɗin da ta yi rumfa kan kaburburan harabar, wadda aka kiyasta ta kai shekara 600. Rassanta sun yi nauyin da sai da aka tokare su da ƙarafa. An ce a ƙarƙashinta George Whitefield, shahararren mai wa'azin Kirista daga Ingila, ya yi wa'azi a 1740. Ta bushe a 2016, aka sare ta a 2017.