Canza harafi ɗaya a tambarin kamfani ba ya tsare ka daga ƙara

Na daɗe ina jin masu buga riguna da kofuna suna cewa wai in ka ɗan canza tambarin kamfani, ko ka ce ai wasa ne, ko kuma tambarin na kamfanin giya ne amma kai ba giya kake sayarwa ba, to shikenan ba wanda zai taɓa ka. Gaskiya wannan magana tana jefa ƙananan 'yan kasuwa cikin asara, shi ya sa take damuna.

Abin da kotu ke dubawa shi ne, mai saye in ya ga kayan zai iya ɗauka daga kamfanin suka fito ko da izininsa aka yi? A 2008 kamfanin Anheuser-Busch mai giyar Budweiser ya maka VIP Products a kotu a Amurka kan wani abin wasan kare mai siffar kwalba da suka sa wa suna Buttwiper, launi da tsarin rubutu duk irin na asalin, kuma alƙali ya dakatar da sayar da shi duk da ba abin sha ba ne. Haka a 2023 Kotun Ƙolin Amurka a shari'ar kamfanin giyar Jack Daniel's ta ce barkwanci kaɗai ba kariya ba ne in da tambarin kake tallata kayanka.

Amma fa ba kullum babban kamfani ke nasara ba. A 1992 masu sayar da rigar Myrtle Beach (wani garin bakin teku a Amurka) mai rubutun "King of Beaches", kwaikwayon taken Budweiser na "King of Beers", sun yi nasara kan Anheuser-Busch ɗin, don masu taya alƙali yanke hukunci sun ga ba wanda zai ruɗe ya ɗauka rigar kamfanin ce.